Zaure Ɗaya, Murhu Biyu

A shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da casa'in da biyu ta Hijira baladiyyar Jidda, wato hukumar birnin, ta yanke shawarar fitar da sabon titi daga wajen tashar jiragen ruwa ya ratsa kudancin Balad, tsohon gari ke nan, kuma wata unguwar Hausawa da ke bayan inda tsohuwar ganuwa take ta faɗa cikin zanen. Masu kuka sun yi kuka, amma a faɗi gaskiya, unguwar ta daɗe da isa a taɓa ta. Lungunanta ko jaki da kaya ba ya wucewa sai ya gogi bango. Rabin gidajen katako ne da kwanon gwangwani. Sau biyu gobara ta ci su cikin shekara goma, motar kashe wuta tana tsaye a bakin titi babu ta inda za ta shiga.

Hukuma ba ta ce a tashi a shiga duniya ba. Ta yanka filaye a Kurayyat, can gefen birni, ta ce duk gidan da aka auna aka shafa wa lamba zai sami fili da sakkinsa, wato takardar mallaka, kuma za a ja famfo da lantarki. Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Wanda ke da lamba yana da fili, wanda ba shi da ita ba shi da komai.

A cikin wannan unguwa akwai Malam Na'ibi, mai ƙera akwatunan kwano irin waɗanda alhazai ke cikawa da tsaraba. A Sudan aka haife shi. Ubansa Bakano ne da ya tsaya noman auduga a hanyar Makka har ajali ya riske shi a can. Na'ibi ya ƙetaro daga Sawakin yana saurayi, shi da amininsa Ubale, suka yi dako a bakin teku har suka sami takardar zama 'yan ƙasa, suka kafa gida gefe da gefe. Da aka zo batun ƙofa, Ubale ya ce mutum biyu da suka sha ruwa a ƙwarya ɗaya tun daga Sawakin ba sa bukatar ƙofa biyu. Sai suka yi zaure ɗaya, suka sa masa ƙyauren katako da suka saya daga wani tsohon jirgin ruwa. In ka wuce zauren, hanya ta rabu. Dama ta Na'ibi ce, hagu ta Ubale, katanga a tsakani, kowa da ƙofarsa da murhunsa da bayan gidansa.

Sai dai ba kowa ya san haka da idonsa ba, domin gidan ba shiga ne, kuma Na'ibi ya riƙe wannan kamar farilla. Namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zaurensa ba. Ko mai ruwa, wanda a Jidda ake kira saƙa, ba ya shiga. Na'ibi ya huda bangon baya wuri biyu, ya ƙera mazurari biyu na kwano ya dasa, ɗaya yana zuba cikin randar gidansa, ɗaya cikin randar gidan Ubale. Yana alfahari da wannan dabara, yana kuma yi wa maƙwabta gori da ita.

Shekara uku kafin zancen titi Ubale ya rasu. Ya bar matarsa Mastura, haihuwar Jidda, mace mai kimanin shekara hamsin da ke soya gyaɗa tana sayarwa a wajen Bab Makka. 'Yarsu ɗaya, Sauda, tana aure a Makka. Ranar jana'iza, tun ba a watse daga maƙabarta ba, Na'ibi ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, daga yau Mastura ƙanwata ce. Duk wanda ya taɓa ta ni ya taɓa." Mutane suka yaba. Ya kuma cika alkawari gwargwadon yadda ya fahimce shi.

Ranar da masu awo suka iso ƙofarsa, da hantsi ne, zafi ya riga ya sauka. Su uku ne: injiniya mai duba agogo a kai a kai, da mai riƙe gwangwanin jan fenti, da magatakarda Abdulghaffar. Shi Abdulghaffar jikan Hausawa ne haihuwar unguwar Ammariyya, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci, shi ya sa aka turo shi wannan unguwa. Na'ibi na zaune a bakin zaure yana buga murfin akwati, maƙwabta sun taru suna kallo.

Abdulghaffar ya yi sallama, ya kira shi ammi, wato baffa, ya ce, "Ya ammi, daga baladiyya muke. Za mu shiga mu auna, daƙiƙa goma, halas."

"Ku auna daga waje."

"Nizamin hukuma ya ce a ga ciki."

"Naku ya ce, nawa bai ce ba. Shekara talatin da ɗaya ko likita a nan yake tsayawa."

Injiniya ya ce wani abu da Larabci, ma'anarsa ƙofa arba'in ke gabansu kafin azahar. Suka zagaya da igiyar awo ta waje. Abdulghaffar ya dawo ya buɗe daftari, littafin rajistarsa.

"Tayyib. Su wa ke ciki?"

"Ni, da iyalina, da ƙanwata."

"Ita ƙanwar, a ƙarƙashinka take, ko tana da nata gidan a ciki?"

Na'ibi ya ajiye guduma. Ya dubi magatakarda, sannan ya dubi maƙwabta, waɗanda yawancinsu suna maƙabarta ranar da ya yi waccan magana.

"Ɗan nan, wa ya raine ka? Ka taɓa jin yaya yana raye a ce ƙanwarsa tana riƙe da kanta a bayan zaurensa? A ƙarƙashina take."

"Ya ammi, ka yi tunani. Abin da na rubuta shi zai tafi."

"Rubuta."

Ya rubuta. Na'ibi ya dangwala yatsa. Mai fenti ya shafa tamanin da bakwai a jikin ƙyauren, suka wuce gaba.

Babu laifin magatakarda a nan, ya tambaya har sau biyu. Shi ma Na'ibi bai yi nufin cin gidan kowa ba, ko zancen fili bai zo masa a rai ba a lokacin. Kunnen maƙwabta yake yi wa magana. Mutum yakan cuci ɗan'uwansa da mugunta, yakan kuma cuce shi wajen neman a kira shi mutumin kirki, kuma irin wannan cutar ta biyu mai yin ta barci yake yi lafiya.

Bayan wata biyu aka liƙa sunaye a ƙofar umda, mai unguwa ke nan, aka ba da kwana talatin ga duk mai ƙorafi. Maza suka je, kowa ya nemi sunansa ya tafi. Na'ibi ya ga nasa, ya ga an ba shi fili babba tunda awon gida biyu aka haɗa masa, kuma yana cikin waɗanda za su fara zaɓa. Ya raya a ransa zai gina wa Mastura ɗaki mai kyau ta gabas. Bai gaya mata komai ba, don a ganinsa babu abin faɗa. Haka kwana ashirin da bakwai suka wuce.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Adamu saƙa, wani tsohon Bazazzagi mai ɗaukar garwa biyu a sanda, wanda ba ya haɗuwa da Na'ibi sai sun taɓa wasan Kanawa da Zazzagawa. Da safe ya zo bangon baya ya ƙwanƙwasa mazurarin hagu.

"Ummu Sauda, ga ruwa nan."

Mastura ta amsa daga ciki, "Zuba, Adamu."

Yana zubawa yana magana. "An ce a Kurayyat famfo za a ja, ni kam sana'ata ta mutu. Ke wace lamba kika samu, in san inda zan riƙa zuwa cin gyaɗar sadaka?"

"Wadda ke jikin ƙofa mana."

"Wannan ai ta Bakano ce. Na sa an karanta mini takardar tun daga sama har ƙasa, don in san inda masu sayen ruwana za su faɗa. Babu Ubale, babu Mastura."

Ruwa ya gama sauka. Adamu ya ɗan jira, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Ran nan ba ta fita talla ba. Bayan azahar ta zo ta tsaya a bayan ƙofar ciki ta zaure, inda ta saba tsayawa in tana da magana da shi.

"Yaya Malam, in ba ka da baƙo ina da magana."

"Faɗi, ƙanwata."

"An ce babu sunana a takardar umda."

"Sunana yana nan, ai ya wadatar. Ɗaki zan gina miki wanda ya fi wannan, da bayan gidansa. Kin taɓa ganin na bar ki a rana?"

"Ba ka taɓa ba. Sakkin da sunan wa zai fita?"

"Da sunana."

"In ka rasu fa?"



Ta ƙara da cewa, "Allah ya ja kwana. Amma da hannunka ka binne wanda ka girma. 'Ya'yanka maza uku ne, kowa da matarsa da 'ya'yansa. Ranar da alƙali zai raba gado ba zai tambayi abin da aka faɗa a maƙabarta ba. Ni ba na gadonka, Yaya. Ɗakin da za ka gina mini, da kai zai mutu."

"'Ya'yana ba za su kore ki ba."

"Wataƙila. Sai in zauna ina duban fuskar matansu in ga ko yau an tashi da fara'a. Bayan gobarar ƙarshe, lokacin mai gidana yana kwance, wa ya tayar da bangon can? Bulo ɗaya-ɗaya na saya da gumin kasko. Sauda in ta zo daga Makka gidan ubanta take sauka. Yanzu in ce mata ta sauka ina?"

Muryarsa ta yi kauri. "Wato so kike in je gaban mutane in ce na yi ƙarya."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Alheri ka yi mini, alherin ya cinye mini gida. Saura kwana uku a rufe."

Ta juya ta koma. Ya ji ƙarar sakatar ƙofarta, ƙofar da ya ce wa hukuma babu ita.

Da la'asar matarsa Rahamatu ta kawo masa abinci zaure, ta dawo ta tarar bai taɓa ba. Rahamatu ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta yi ake ji.

"Malam, za ka ci ko in ɗauke?"

"Ke ma kin ji abin da ta ce?"

"Katangar ba ta da tsawo."

"To ki gaya mini, ba gida ɗaya muke ba?"

Ta ɗauki kwanon ta rufe. "Kusan shekara talatin ina aron gishiri wurinta ta kan katanga, ina mayarwa. Wanda kuke tukunya ɗaya ba a aron gishiri wurinsa."

Washegari da sassafe ya sa farar riga ya taka zuwa ofishin da ke kula da zancen filayen. Mutane cike, fanka na juyawa a sama ba ta korar komai, bango duk taswira, an ja jan layi ya bi ta kan unguwarsu kamar an yanka ta da wuƙa. Ya yi awa biyu a layi kafin ya kai teburin Abdulghaffar.

"Ahlan ya ammi. Tamanin da bakwai, mai ba shiga."

Na'ibi ya haɗiye wannan. Ya sunkuya ya yi bayani da murya ƙasa-ƙasa. Magatakarda ya saurara har ƙarshe, bai ce ai na gaya maka ba, kuma wannan kirki ne da ba kowane mai tebur ke da shi ba.

Ya ce, "Ana iya gyarawa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ka je gaban umda da shaidu biyu ka faɗa a rubuta cewa ita ba 'yar'uwarka ba ce, ba kai ke riƙe da ita ba, gidan nata ne. Na biyu, lazim mu shiga mu gani da ido, mu auna nata daban. Gobe da azahar ake rufe daftari."

"Ba za ka gyara da alƙalaminka ba, tsakanina da kai? Kai ma ɗanmu ne."

"Ya ammi, da zan iya gyara maka a ɓoye, da zan iya ɓata wa wani a ɓoye. Kana son ofis irin wannan?"

Magatakarda ya ci gaba.

"Kuma ka sani tun yanzu, filinka zai ragu zuwa awon gidanka. Duk takardar da aka sake buɗewa tana komawa ƙarshen layi. Kusa da masallaci da bakin titi, wasu za su riga ka."

"Wannan ba komai ba ne."

Da gaske yake, fili bai dame shi ba. Sauran biyun ne suka tsaya masa a wuya. Ya fito ya bi ta cikin Balad a ƙafa, ta ƙarƙashin dogayen gidajen dutse masu tagogin katako, ya wuce kasuwa bai gaisa da kowa ba. Abu biyu aka san shi da su a unguwa, ƙofar da ba a wucewa da maganar da ya yi a kan kabarin amininsa, kuma ga shi an ce ya ajiye su duka cikin yini ɗaya. Ya zauna a masallaci har aka kira azahar. Da ya fito sai ya nemi Adamu saƙa.

Bayan la'asar dattawa kan zauna a bencinan ƙofar umda ana zagayawa da shayi. Ran nan wurin ya cika fiye da kullum, don Adamu ba ya riƙe magana. Cikin waɗanda suka zo har da Hamad mai tsire, wanda Na'ibi ya taɓa kunyatawa a bainar jama'a don ya bar masu feshin sauro sun shiga gidansa.

Hamad ya matsa masa wuri a benci yana murmushi. "Malam, na ji gobe za ka yi baƙi har tsakar gida. In aiko da tabarma?"

"Ka aiko da bakinka gaban umda, shaida nake nema. Ka san gidan tun ana gina shi."

Murmushin Hamad ya ragu. Ya ce, "Na sani."

Umda tsoho ne mai jin Hausa kamar Larabci. Ya sa tabarau, ya jawo takarda, ya yi tambayoyinsa a sarari yadda kowa zai ji, don haka aikin yake.

"Mastura matar marigayi Ubale, 'yar'uwarka ce ta jini?"

"A'a."

"Ta nono?"

"A'a."

"Kai ke ciyar da ita?"

Na'ibi ya dubi ƙasa. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu.

"Ita ke ciyar da kanta. Tun ranar da ta fita takaba ban taɓa saya mata ko mudun shinkafa ba. Na kai, ta mayar."

"Gidan da take ciki, naka ne?"

"Nata ne. Ko bulo ɗaya ba ni da shi a ciki."

Umda ya cire tabarau. "To ya Na'ibi, me ya sa ka gaya wa masu awo akasin haka?"

"Don kada waɗannan su ce Na'ibi ya bar matar amininsa tana neman na bakinta." Ya nuna mutanen da ke zaune da haɓa. "Sunana na tsare, na manta da gidanta. Rubuta haka in akwai wuri."

Ba wanda ya yi dariya. Umda ya juya ga shaidu. Hamad ya ce shi ya taya Ubale ɗora rufin hagu da hannunsa, kuma ya ga Mastura tana sauke bulo daga amalanke bayan gobara. Aka zo kan Adamu.

Adamu ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa ganin cikin gidan ba, mai shi ya ɗauke ni kura. Amma shekara goma sha tara ina zuba ruwa ta mazurari biyu a bangon baya. Na hagu garwa biyu, a ce mini sannu. Na dama garwa huɗu, a ce ban cika ba. Ko makaho ya san na daman na Bakano ne."

Nan aka yi dariya, har umda. Na'ibi ya ce, "Bazazzagi ko a gaban hukuma sai ya nuna halinsa." Aka dangwala yatsu, umda ya buga hatimi.

Da hantsin ranar ƙarshe masu awo suka dawo, su ukun dai. Lungun ya cika da 'yan kallo. Abdulghaffar ya fara zagayawa baya ya ga mazuraran, ya rubuta. Sannan suka zo bakin zaure suka tsaya, ba wanda ya ɗaga ƙafa.

Na'ibi ya leƙa ciki ya ce, "Rahamatu, ki shiga ɗaki." Ya daɗe yana riƙe da ƙyauren. Sannan ya buɗe shi gaba ɗaya ya koma gefe.

"Bismillah. Ku shigo."

Shi ya yi musu jagora. Suka bi hagu, ya ƙwanƙwasa ƙofar Mastura ya yi sallama, ta zare sakata. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gidanta, ta lulluɓe da mayafi, ta share wurin tas. Ga ɗaki biyu na bulo, ga murhu da kaskon suya cike da yashi, ga buhun gyaɗa a jingine, ga randa a ƙarƙashin bakin mazurari. Injiniya ya dubi katangar da ta raba gidajen, ya dubi Abdulghaffar, ya ɗaga yatsu biyu. Mai fenti ya warware igiyar awo, Na'ibi ya karɓi bakinta da kansa ya je ya dafe a kusurwa, yana durƙushe, yana kallon bango.

Abdulghaffar ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Ya khala, sunanki cikakke, da na mahaifinki."

Ta faɗa. Wannan ne karo na farko da wani daga hukuma ya tambaye ta wani abu game da gidan da take ciki shekara ashirin da takwas.

"Wa ke da wannan gida?"

"Ni da 'yata, gadon ubanta da gumina."

Ya rubuta, ya miƙa mata daftarin ta dangwala. Lambobin unguwa sun tsaya a ɗari biyu da goma sha huɗu, saboda haka mai fenti ya shafa ɗari biyu da goma sha biyar a ƙofarta ta ciki. Fentin ya ɗan zubo. Ta ce a bar shi haka.

Da suka fito, Hamad na tsaye a lungu. Na'ibi ya dube shi yana jiran gori. Hamad ya ce, "Rana ta yi, Malam, zo ka sha ruwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

An yi wata takwas kafin a fara rusau. Kamar yadda magatakarda ya faɗa, Na'ibi ya zo a ƙarshen layi, ya sami ƙaramin fili a gefen Kurayyat inda iska ke tara yashi, tafiyar minti goma sha biyar zuwa masallaci. Na Mastura ya faɗo layi bakwai daga nasa. Sakkinta ya fito da sunanta, ta naɗe shi a tsumma ta sa a ƙasan ɗaya daga cikin akwatunan da shi Na'ibin ya ƙera. Famfo bai iso ba sai bayan shekara guda, saboda haka Adamu ya sami ƙarin kwana a sana'arsa, yana ta ƙorafin an nisanta masa mazurarai.

Ranar da za a rushe zauren, Na'ibi ya riga motar rusau zuwa. Ya cire ƙyauren katakon nan na jirgin ruwa, ya ɗora a amalanken jaki. Rahamatu ta ɗauka gidansu za a kai. Ya wuce da shi layi bakwai, ya kafa shi a ƙofar Mastura da hannunsa, tamanin da bakwai ɗin tana nan a jiki ba a goge ba. Ya ce rabin kuɗinsa na Ubale ne, ɗaya rabin kuma ya gaji da gani.

Juma'ar farko bayan ta tare, ya biyo daga masallaci da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a gaban ƙyauren da ya yi shekara talatin da ɗaya yana turawa ba tare da neman izini ba, ya yi sallama.

Daga ciki Mastura ta ce, "Wane ne?"

"Na'ibi ne."

"Wane Na'ibin? Yayana, ko wanda ya rantse gaban umda ba mu haɗa komai ba?"

"Duk wanda kika ga dama. Rana na dukansa."

Ta buɗe, ta koma bayan ƙyauren. "To shigo mana, Yaya. Sauda ta zo jiya, tana ciki da yara."

Ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar. Ya dubi dokin ƙofar.

"Gidan mutane ne. Miƙo mini tabarma nan waje, ki turo yaran su gaishe ni."

Ta miƙo tabarmar. Ya shimfiɗa a 'yar inuwar bangon, ya cire takalmi ya zauna, ya fara ɓare lemo.